Fayil biyar, uku sunansu "karshe", na rasa na gaskiyar

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum manya. Dan Allah ku taimaka min da shawara, wlh kaina ya ɗau zafi. Wata huɗu kenan ina zanen wani gini mai hawa biyu a manhajar zane ta AutoCAD, jiya oga yace in tura wa masu ƙarfe da masu wuta su ɗora nasu aikin, na buɗe folda sai ga abinda na tarar: gini.dwg, gini_sabo.dwg, gini_karshe.dwg, gini_karshe2.dwg, gini_karshe_na_gaske.dwg, ga wasu masu .bak a wutsiya da ban ma san waye ya haife su ba. Na ɗauki na_gaske na tura tunda shi yafi kama da mai gaskiya, ashe gyaran matakala da na kwana inayi satin da ya wuce a cikin karshe2 nayi shi. Ba wannan kaɗai ba, wanda na tura wa ya kira ni yace shi fa baiga bango ko ɗaya ba, ƙofofi ne kawai da awo suke shawagi a fili, rubutun ma ya koma wani iri ya hau kan juna. A tawa kwamfutar kuma komai ras. Wai ku ya kuke tsara kayanku ne?

Tsohon Maizane:
Wa'alaikumus salam. Yaro kwantar da hankalinka, duk wanda ka gani a nan yana da nasa "karshe_na_gaske" a tarihinsa, sai dai in ya ƙi faɗa. Ciwo biyu ka kawo, bari in fara da mai sauƙin.

Bangon nan da ya ɓace ba a cikin fayil ɗin da ka tura yake ba tun farko. Jingina shi kayi da XREF, wato zanenka yana leƙa wani fayil ne yana nuna maka abinda ke ciki. Rubuta XREF ka duba adireshin da ya ajiye, na tabbata zaka ga wani abu mai farawa da C: sannan Users sannan sunanka. To ita kwamfutar mutumin can ina zata samo foldar da ke ɗauke da sunanka? Shiyasa ake saka adireshin ya zama Relative, ma'ana yana lissafi ne daga inda babban fayil ɗin yake zaune, in ka ɗauke foldar aikin gaba ɗaya ka kaita ko'ina zasu ga juna. Sharaɗi biyu dai, sai ka riga kayi sabin ɗin babban fayil ɗin, kuma su kasance a rumbu ɗaya, ba ɗaya a C ɗaya a D ba. Rubutun da ya hargitse kuma salon rubutu ne irin na SHX da kake da shi shi kuma babu, sai AutoCAD ya musanya masa da simplex, faɗin haruffan ba ɗaya ba sai suka hau juna. Maganin duka biyun umarni ɗaya ne, ETRANSMIT. Zai tattaro zanen da duk abinda ya jingina da su, hotuna, salon rubutu, har CTB ɗinka na kaurin layi, ya ƙulle su a ZIP ɗaya. Daga yau kada ka sake jawo DWG tsirara ka tura wa mutum.

Na sunaye kuma sai nayi sallah na dawo, dan wannan yafi tsawo.

Mai Gardama:
Ni kam wannan XREF ɗin wahala ce kawai mutum yake ɗora wa kansa. Gini mai hawa biyu fa, ba filin jirgi ba. Ka zuba komai a fayil ɗaya, kowane abu da leyarsa (rukunin layukan da ake kunnawa a kashe), shikenan babu abinda zai ɓace. In ma ka riga ka jingina kayi Bind, wato ka haɗe su cikin babban fayil ɗin, ka huta.

Anti Akitek:
Mai Gardama sunanka ya bi ka. To in mutum uku suna aiki a gini ɗaya fa, mai wuta yana son ɗora wayoyinsa a lokacin da kai kake matsar da bango? Fayil ɗaya mutum ɗaya ke iya rubutu a cikinsa, na biyu sai dai ya buɗe ya kalla, shine ma aikin waɗannan ƙananan fayilolin .dwl da .dwl2 da suke fitowa kusa da zane in an buɗe shi, su ke nuna waye a ciki. Daga nan sai na biyun ya gaji da jira yayi Save As, kaga an haifi gini_sabo kenan. Haka ake samun irin foldar ƙanen nan namu. Bind yana da ranarsa, ranar da zaka miƙa aiki ko ka rufe shi a ma'ajiya, ba lokacin da ake tsaka da aiki ba. Kuma ka lura in ka zaɓi Bind leyoyinka zasu koma irin gini$0$BANGO, in ka zaɓi Insert su narke cikin na babban fayil ɗin da sunansu na asali, mutane da yawa basu san bambancin ba sai sun buɗe jerin leya sun ga ɗari uku.

Wani abu kuma, in zaka jingina zanen wani fanni a naka dan ka gani kawai, saka shi a Overlay ba Attach ba. Attach yana binka duk inda aka jingina naka, sai ka ga mai wuta ya jingina naka, kai ka jingina nasa, suna ta zagaye juna.

Tsohon Maizane:
Na dawo. Toh yaro, doka ɗaya nake so ka riƙe, sauran duk rassa ne. Fayil ɗin da kake aiki a ciki guda ɗaya ne tak, kuma sunansa baya canzawa tun daga ranar farko har a gama gini. Ba "sabo", ba "karshe", ba kwanan wata, ba sunanka. Dalili kuwa duk wanda ya jingina da shi da sunan nan ya san shi, ranar da ka mayar da shi bene1_gyara2.dwg ka yanke igiyar kowa.

To ina tarihin gyara zai zauna? A cikin abinda ka FITAR. Ni foldar kowane aiki kashi huɗu nake mata kuma ina saka lamba a gaba dan su jeru yadda nake so: 01 na abinda ya shigo daga wasu, 02 na aikin da nake ciki, 03 na abinda na fitar, 04 na tsofaffi. Abinda ya shigo bana taɓa shi, ko wasiƙa ce ko zanen safiyo, yadda yazo haka zai zauna, in zan yi amfani da shi kwafi nake ɗauka. Duk ranar da zan tura wa wani abu sai in buɗe sabuwar folda a cikin 03 in sa mata kwanan wata, shekara a gaba, sai wata, sai rana, kamar 2025-03-07, in ɗora wanda na tura wa, in zuba PDF da ZIP ɗin ETRANSMIT a ciki. Daga nan foldar nan ta mutu, ko waƙafi na gani ba daidai ba bazan gyara a ciki ba, sai dai in fitar da sabo. Wannan tsarin kwanan watan shine ISO 8601, amfaninsa kwamfuta tana jera su bi da bi da kanta, in ka rubuta rana a gaba kuwa 1 ga Disamba sai ta zo kafin 2 ga Janairu na shekarar.

Ranar da ɗan kwangila zai ce ai ba haka ka bashi ba, foldar nan ce shaidarka. Na taɓa zama a wani taro ana ta ɗaga murya akan faɗin wata ƙofa, ban ce uffan ba, na buɗe foldar ranar da na tura na juya musu kwamfutar, aka koma maganar wani abu daban.

Ɗan Koyo:
Baba nagode sosai. Amma in ina son gwada wani abu fa, misali in juya matakalar in gani ko zata fi kyau, kuma bana so in ɓata na asali? Ai nan ne nake yin Save As ɗin.

Tsohon Maizane:
Kafin ka fara gwajin, kwafi fayil ɗin ka jefa a 04 da kwanan wata a gaban sunansa, sannan ka cigaba da aiki a na asalin. Tsoho ne ke canza suna ya tafi, mai rai yana nan inda yake. In gwajin bai yi ba ka dawo da kwafin. Kai kuma akasin haka kake yi, shiyasa ka wayi gari da masu rai biyar.

Su .bak kuma ba aljanu bane, duk lokacin da kayi sabin AutoCAD yana mayar da wanda ya gabata .bak, in ka canza wutsiyar zuwa .dwg zai buɗe. Amma mataki ɗaya kawai yake komawa baya. Akwai kuma .sv$ na sabin ɗin da yake yi da kansa duk minti 10 in baka taɓa SAVETIME ba, shi kuma in ka rufe zanen lafiya lau gogewa yake. Kada ka ɗauki ko ɗaya a matsayin ajiya. Ajiya ita ce kwafi 3, a wuri iri 2, ɗaya daga ciki ba a ɗakin da kwamfutar take ba.

Mai Gardama:
Duk wannan fa Google Drive ko OneDrive suna yi maka a kyauta, suna ajiye tarihin fayil da kansu. Mun wuce zamanin folda huɗu Baba.

Injiniya Mai Ƙarfe:
Suna ajiyewa, amma basu san wanne ka tura wa wa ba, kuma tarihin ba na har abada bane. Sannan ka gwada ku biyu ku buɗe zane ɗaya daga kwamfuta biyu a foldar da ke haɗe da intanet ka ga yadda zata haifo maka kwafi biyu masu rikici da juna, kowa yayi awa uku a nasa, sai ku zauna kuna haɗawa da hannu.

Ni ɓangaren injina nake, SolidWorks, kuma abinda Baba ya faɗa a wurinmu ma yafi tsanani. Fayil iri uku ne, SLDPRT na ɓangare ɗaya, SLDASM na haɗaka, SLDDRW na zanen takarda, kuma duk a sarƙe suke. Ka kuskura ka canza sunan ɓangare ɗaya ta Windows kai tsaye, haɗakar zata buɗe tana tambayarka ina kaza. Namu ETRANSMIT ɗin sunansa Pack and Go, Inventor ma yana da shi. Abinda zan ƙara shine mu lamba muke ba kowane ɓangare ba suna ba. Da ina saka suna irin "faranti", "faranti babba", "faranti na gefe", wata rana na buɗe inji guda biyu a lokaci ɗaya kowanne yana da nasa "faranti", manhajar ta ɗauki wanda ta fara lodawa ta cusa a duka biyun, ramukan ƙusa huɗu suka zama shida ban lura ba sai da na je buga zane. Tun ranar kowane ɓangare lambarsa daban a duk kwamfutar, bayanin menene shi yana cikin akwatin bayani da jerin kayan aiki. Kuma in an soke ɓangare lambarsa ta mutu da shi, ba a sake ba wani.

Harafin gyara kuma in kuna bin A, B, C, ƙa'idar Amurka ta ASME Y14.35 tana tsallake I, O, Q, S, X da Z saboda suna kama da lambobi ko wata alama, in an buga takarda ta sha hannu bazaka bambance O da 0 ba.

Anti Akitek:
Mu a gine gine akwai ISO 19650 da ta fito a 2018, tushenta BS 1192 ta Birtaniya. Ita ma matakai huɗu ta raba bayanai: wanda ake kan yi, wanda aka raba wa abokan aiki, wanda aka amince aka fitar, da wanda aka adana. Kunga kusan foldar Baba ce aka sa wa kwat. Sunan fayil kuma gutsure gutsure ne da karan ɗori a tsakani, lambar aiki, kamfanin da ya zana, sashen gini, hawa, irin takarda, fanni, sai lamba. DR zane ne, M3 samfuri mai fuska uku, A na akitek, S na masu ƙarfe, E na masu wuta. Gyara kuma P01, P02 kafin a amince, C01 in ya zama na kwangila.

Amma gaskiya, kuma nan zan ɗan goyi bayan Mai Gardama kafin ya taso, mutum ɗaya mai zane goma sha biyu baya buƙatar suna mai gaɓa bakwai. Na ga wanda ya kwafo tsarin duka, rabin sunan ZZ ne da XX na cike gurbi, shi kansa sai ya buɗe fayil yake sanin menene. Ɗan Koyo ka ɗauki uku ko huɗu kawai, lambar aiki, fanni, lambar takarda, kamar 014-A-101. Ka ware ɗari ɗari, 100 na shimfiɗar hawa, 200 na fuskokin gini, 300 na yanka, 500 na ƙananan bayanai, ka bar gibi a tsakani dan wata rana za a cusa sabuwar takarda. Kuma kada ka zurfafa folda cikin folda cikin folda da dogayen sunaye, Windows yana da iyakar haruffa 260 a adireshin fayil, in ka wuce wata rana kwafi kawai zai ƙi yi ka rasa dalili.

Mai Gardama:
Alhamdulillah yau Anti ta yarda dani sau ɗaya, admin a rubuta kwanan wata, shekara a gaba.

Mai Leza:
Ku bari in shigo dan ni ne a ƙarshen layi, duk kwaɓar da kuka yi a ofis a kan teburina take fashewa. Injin yankan ƙarfe da leza nake aiki da shi, fayil ɗin zane irin DXF ake turo min, kuma wlh abinda nake gani sai addu'a. Injin nan baya karanta niyya, layi kawai yake bi. In layi biyu suna kwance a kan juna sau biyu zai yanka wurin, bakin ya ƙone. In zagayen bai rufe ba ko da gibin rabin milimita ne manhajar bata san ina ciki ina waje ba. Wani kuma ya turo min har da awo da akwatin bayani da tambarin kamfaninsu a leya ɗaya da abin yankan, da ban duba ba da na yanka masa sunansa a faranti.

Abinda nake roƙo kaɗan ne, abu a girmansa na gaskiya 1:1, layukan yanka kaɗai, a rufe, a bi su da OVERKILL ya share maimaici, ayi sabin a tsohon DXF kamar na 2000 ko R12 dan tsofaffin injina su karanta, sannan a haɗo da PDF mai awo da kaurin faranti da adadi. Kuma dan Allah a faɗa min milimita ne ko inci. An taɓa turo min wani maƙali da ya kamata ya kai tsawon tafin hannu biyu, na buɗe na ganshi kamar ƙwayar wake a allo, na auna 10 ne, ashe inci 10 mutumin yake nufi wato milimita 254. Duk lokacin da kaga abu ya girma ko ya ƙanƙance sau 25.4 kada ka wahalar da kanka, inci da milimita ne. A AutoCAD duba INSUNITS, 4 milimita, 1 inci, 6 mita. STL ma na masu buga abu mai fuska uku bashi da ma'auni a cikinsa kwata kwata, lambobi ne zalla.

Injiniya Mai Ƙarfe:
Kuma ba ƙananan mutane kaɗai abin ke kamawa ba. A 1999 NASA tayi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja tana fitar da lissafi a ma'aunin fam, ɗayar manhajar kuma tana karɓa a matsayin niyuton. Wanda yafi kusa da maganarmu ma jirgin Airbus A380 ne, injiniyoyin Jamus suna kan manhajar zane ta CATIA V4, na Faransa suna kan V5, da aka zo shimfiɗa wayoyin jirgin masu tsawon kusan kilomita 500 sai aka tarar basu kai inda ya kamata ba, jirgin ya makara kusan shekara biyu, sai 2007 aka miƙa na farko.

Shiyasa kafin a ja layi ɗaya ku zauna ku yarda da wace shekarar manhaja za ayi aiki. DWG ya canza tsari a 2000, 2004, 2007, 2010, 2013 da 2018, mai AutoCAD 2016 bazai buɗe tsarin 2018 ba sai ka sauke masa, ko shi ya sauke da DWG TrueView wanda kyauta ne. Wannan da sauƙi. Revit kuwa, wata manhajar zanen gini, baya komawa baya sam, mutum ɗaya ya buɗe a sabuwa yayi sabin ya ja kowa dole. In kuma manhajarku daban daban ce a ɓangaren injina ku yi musaya da fayil irin STEP, manhajar FreeCAD ma tana buɗe shi.

Mai Gardama:
Duk muhawarar zanen kwamfuta a duniya sai an kawo kumbon nan, Allah ya jiƙansa ya huta haka. Yaro matakala yake tambaya.

Ɗan Koyo:
Hhh a'a ku cigaba ina rubutawa. Tunda an zo nan, batun bugawa fa? Na kai zanen A1 aka buga min a A3, magini ya ɗora rula yace awon bai yi daidai ba.

Tsohon Maizane:
Ba zai yi ba ai. A1 milimita 594 ne da 841, A3 kuma 297 da 420, rabi kenan cif. Zanen 1:50 a A1 in ya sauka A3 ya zama 1:100 amma akwatin bayani yana nan yana cewa 1:50. Wannan ma da sauƙi tunda 1:100 akwai shi a rula. In aka buga a A2 sai ya koma wajen 1:71, babu rular da ke da wannan. Mafi muni shine Fit to paper, nan kam ma'aunin duk abinda Allah ya nufa ne. Dan haka kusa da sikeli rubuta girman takardar, 1:50 a A1, ka zana sandar ma'auni a gefe wadda zata ƙanƙance tare da zanen, ka kuma rubuta cewa a bi awon da aka rubuta kada a auna takarda.

A Model, wato filin da ake zane a ciki, kullum girman gaskiya ake zane, bango mai mita 3 ka ja 3000, sikeli a tagar Layout, shafin takardar bugu, ake saka shi, kana gama saitawa ka kulle tagar, dan in baka kulle ba ka shiga ciki ka murza linzami sau ɗaya 1:50 ta tafi. Rubutu a takarda 2.5 ko 3.5, kanun 5 ko 7. In a Model kake rubutun na 1:100 to 2.5 ya zama 250, ko ka huta kayi amfani da Annotative, mai daidaita girman rubutu da sikeli da kansa. In kasan ƙarshenta A3 za a riƙe a wurin gini, yi 3.5 tun farko, dan 2.5 in ya rabu biyu 1.25 ne, babu mai karanta wannan a rana. Kaurin layi uku sun isheka, 0.5 ko 0.7 na abinda aka yanka, 0.35 na abinda ake gani, 0.18 ko 0.25 na awo da zane zanen ciki. Launi da kauri a barsu ByLayer, wato su bi na leyar. Leya 0 ta ƙera bulok ce (abinda aka zana sau ɗaya ake maimaitawa) ba ta zane ba, Defpoints kuma bata fita a bugu, na san wanda ya zana dukkan tagogin gini a kanta yana ta zagin firinta.

Idan ka daidaita duk wannan sau ɗaya, leyoyi, salon awo, akwatin bayani, ajiye shi a DWT, wato fayil ɗin samfuri, ka riƙa fara kowane aiki da shi.

Anti Akitek:
Akwatin bayani a kusurwar ƙasa ta dama yake zama dan in an naɗe takarda zuwa A4 shi ke sama. Lambar zane, take, sikeli, kwanan wata, harafin gyara, wanda ya zana, wanda ya duba, da matsayin takardar, ta dubawa ce ko ta gini. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa, sai a ɗauki zanen shawara a fara haƙa da shi. Duk gyara a zagaye shi da gajimare a sa masa alama, a teburin gyara kuma a rubuta abinda aka canza, "an faɗaɗa matakala daga 900 zuwa 1100", ba "an yi gyara" ba.

Babban zunubi kuma a wurina, wanda in na kama yaro a ofis yayi sai mun zauna, shine danna awo ka goge lambar ka rubuta taka da hannu. Layin 2850 ne, oga yace 3000 ake so, maimakon ka matsar da bangon sai ka rubuta 3000 a kai. Takarda tayi kyau, amma mai ƙarfe da ya jingina zanenka 2850 zai auna, magini kuma 3000 zai karanta.

Injiniya Mai Ƙarfe:
Na injina a ƙara biyu. Alamar tsarin hange, wannan ɗan mazugin mai yankakken kai, Turai kusurwa ta ɗaya suke bi, Amurka ta uku, in babu alamar mai ƙera abu zai iya huda ramin a ɓangaren da ba shi ba. Sai sassaucin awo, in ka rubuta ISO 2768-m to awon da ke tsakanin 30 da 120 an yarda ya kauce da 0.3, na 6 zuwa 30 da 0.2. Kada ka matse awo inda babu buƙata, kuma kada ka ba abu ɗaya awo sau biyu a wuri biyu, ranar gyara ɗaya zaka tuna.

Mai Leza:
Kafin turawa PURGE ya share tarkacen da ba a amfani da su da AUDIT ya gyara kurakuran fayil dan Allah, sannan ka buɗe PDF ɗin da idonka shafi shafi, ba wai ka ga ya fita ka tura ba.

Ɗan Koyo:
Manya na dawo da rahoto. Jiya na zauna na jingina fayil biyar ɗin nan a kan juna kowanne da launinsa dan in ga inda suka bambanta, ashe ba matakala kaɗai ba ce, tagar banɗaki ma tana wuri biyu. Na haɗa su a guda ɗaya, sauran huɗun na sa musu kwanan wata na jefa 04, na mayar da adireshin jingina Relative, nayi ETRANSMIT, sannan na zuba ZIP ɗin a filas na buɗe a kwamfutar abokina kafin in tura wa kowa. Bango ya fito, rubutu ya zauna daidai.

Amma Anti ki yafe min, da na zaɓi duk awon na duba sai na samu guda uku da na rubuta da hannu tun watan farko na manta, ɗaya a falo ne, na rubuta 4200 alhali layin 4050 ne, kuma wannan yana cikin abinda na riga na tura wa mai ƙarfe shekaranjiya. In gyara in sake tura masa da suna ɗaya ince ya goge wancan, ko yaya?

Tsohon Maizane:
A'a. Wancan ya riga ya fita, barshi a foldarsa yadda yake. Ka fara tambayar oga wanne ake so, 4200 ko 4050, ka matsar da bangon ba lambar ba, ka zagaye wurin da gajimare, ka fitar da shi a P02 a sabuwar folda ta yau. Sannan ka ɗaga waya ka kira mai ƙarfen ka faɗa masa da baki cewa falo ya motsa da 150, kar ka dogara da zai buɗe saƙo, wataƙila yanzu haka yana lissafin bim ɗin wurin.

Ɗan Koyo:
Toh Baba, bari in kira shi yanzu kafin ya tashi daga ofis.